Katin Da Ya Ƙi Farkawa

A cikin shekarar 2007 akwai wani akawu a unguwar Agege ta birnin Ikko, wanda yake riƙe wa waɗansu fataken goro lissafin dukiyarsu. Mutum ne mai tsantseni, amma yana da saurin yanke hukunci. Jarinsa duka bai wuce wata kwamfutar cinya 'yar gwanjo ba, da wani kati na ƙarfe da yake zurawa a wani rami a gefenta. Katin nan shi ne yake sada shi da intanet, ta nan kuwa yake aika wa iyayen gidansa da ke Arewa bayanin ciniki kowace yamma.

Ga wanda bai riski zamanin ba, katin bai wuce faɗin katin banki ba, watau milimita 85.6 a tsaye, 54 a kwance, kaurinsa milimita 5. Ana kiransa PCMCIA, sunan ƙungiyar kamfanonin da aka kafa a Amurka a 1989 don a daidaita ƙirarsa. A cikin ramin akwai allurai 68 da suke shiga bakin katin. Ta wannan hanya akan ƙara wa kwamfuta abin da ba a ƙera ta da shi ba, ko modem, ko abin kama intanet ba waya, ko ma'ajiya.

To, sai wata matsala ta ɓullo. Da safe katin yana aiki lafiya lau. In azahar ta yi, akawu ya rufe murfin kwamfuta ya fita, ko da zai dawo ya buɗe, sai ya tarar da rubutunsa yana nan inda ya bar shi, amma kati ya yi tsit. Daidai wannan lokaci ne kuwa ɗan ƙaninsa, wanda aka aiko masa daga gida don ya yi karatu, yake tasowa daga makaranta ya zauna jiran ofis. Akawu bai tsaya dogon tunani ba, ya ce biri ya yi kama da mutum.

"Kai yaro, wa ya ce ka taɓa mini na'ura?"

"Wallahi Baffa ban taɓa ba."

Kashegari da safe kati ya tashi, akawu ya ce ai hucewa ya yi cikin dare. Da azahar ya sake mutuwa. Ya sayi sabo, shi ma haka. Sau uku lissafi bai isa Arewa a kan kari ba, har iyayen gida suka fara gunaguni. Ran nan ya yi rantsuwa cewa in ƙarshen wata ya yi zai sa yaron a mota ya koma wurin ubansa, karatun ya tsaya ke nan.

Kafin watan ya ƙare ya ɗauki kwamfutar zuwa kasuwar na'urori ta Ikeja, da niyyar a gyara ɓarnar yaro. Mai gyaran da ya samu bai ko ɗauki sukundireba ba. Ya kunna ta, kati ya kama. Ya rufe murfi, ya ɗan jira, ya buɗe, kati ya yi shiru. Ya kashe ta ɗungum ya sake kunnawa, kati ya dawo. Ya zura katin a wata kwamfuta, ya yi aiki. Ya haska tocila cikin ramin, bai ga allura ko ɗaya da ta lanƙwashe ba. Sannan ya ɗaga kai ya ce, "Malam, ba wanda ya taɓa maka komai. Barci ne ya kwashe shi, ba a iya tashinsa ba."

Ga yadda abin yake. Rufe murfi ba kashewa ba ne. Kwamfutar takan shiga wani hali da ake kira S3 a tsarin ACPI, wanda kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996. A wannan hali ana barin 'yar wuta kaɗan ga ma'ajiyar RAM don kada aikin da ake ciki ya ɓace, amma yawancin sassa, har da ramin kati, ana yanke musu wuta don a tanadi batir. Shi kuwa kati, da zarar wuta ta ɗauke, ya manta duk umarnin da aka ba shi da safe: adireshin da za a neme shi, da layin da zai riƙa kiran kwamfuta a kai. In an farka, wajibi ne a bi jeri: a tashi na'urar da ke kula da ramin, a mayar da wuta, a sake saita katin, sannan manhajar da ke tafiyar da shi, wadda masu gyara suke kira direba, ta maimaita masa karatunsa tun daga farko. In direban ba a rubuta shi da sanin wannan aiki ba, ko kuwa ya yi wa kati magana tun bai gama wartsakewa ba, sai kwamfuta ta ɗauka kati yana nan daram, alhali kuwa ba ya jin kira.

Magani na farko ba ya cin kwabo: a tsayar da katin ta 'yar alamar cire na'ura da ke ƙasan allo, a zare shi, a mayar. An yi ramin da hikima, domin alluran wuta sun fi sauran tsawo, masu shaida shigar kati kuwa su ne mafiya gajarta, saboda haka kwamfuta ba ta sanin zuwansa sai komai ya haɗu, ta karɓe shi kamar sabon baƙo. Wanda ya fi wannan shi ne a tsayar da kati tun kafin a rufe murfi. In ana son a kashe maciji a sare kansa, sai a nemi sabon direba, a sabunta BIOS in akwai sabo, a kuma hana Windows kashe katin da sunan tanadin wuta. Masu amfani da Linux ma sun sha wannan fama, su kuwa da umarnin cardctl eject da cardctl insert suke zarewa su mayar ba tare da sun sa hannu ba.

Akawu ya biya ladan gyara ya kamo hanyar Agege jikinsa a sanyaye. Kuɗin kati na biyu bai dame shi ba kamar makonni ukun da yaron ya yi yana cin abinci kai a sunkuye. Babba bai saba ba ƙarami haƙuri da baki ba, amma da ya iso sai ya kira shi, ya zaunar da shi gaban kwamfutar da a da ko inuwarta ba ya kusanta, ya ce, "Zo in nuna maka yadda ake tashinsa. Daga yau aikinka ne." Yaron ya gane abin da ake nufi. Maganar mota ba ta sake tasowa ba.

Yau katin nan ya zama tarihi. ExpressCard da ya gaje shi a 2003 shi ma ya ba USB wuri. Amma har gobe akwai mai buɗe murfin kwamfuta ya tarar intanet ta ɗauke, kuma tambayar mai gyaran Ikeja ita ce abar farawa: me ya faru daf da lalacewar? Ya kamata a yi ta tun kafin a tambayi wa yake zaune kusa.