Ɓangaren D ba wani faifai ba ne daban

Akwai wata shawara da ta yaɗu a tsakanin masu kwamfuta: ka zuba kayanka a D, ko Windows ta lalace ba abin da zai same su. Shawarar ba ƙarya ba ce ɗungurungum, domin idan aka sake ɗora Windows a C, galibi D na tsira. Ni dai na ɗauke ta fiye da matsayinta, ƙanwata kuma ita ta kwana a ciki.

Tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana rubuta kundinta a kan waƙoƙin daka da niƙa. Ta bi ƙauyuka ta naɗo muryoyin tsofaffi da wayarta, ta juye su a kwamfutar da muke amfani da ita tare, ta goge na wayar don ta sami wuri. Ni kuwa ina ɗokin koyon Linux, sai na ƙudura in ɗora Ubuntu kusa da Windows. Da ta ga filashi a hannuna ta ce, "Yaya, aikina fa yana ciki." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai yana D.

A kwamfutoci da yawa, har da tamu, C da D ba faifai biyu ba ne. Faifai ɗaya ne, sai wani ɗan jadawali a farkonsa da ke cewa daga nan zuwa nan ɓangare kaza ne. Tsohon tsari, MBR, manyan ɓangarori huɗu kacal yake ɗauka. Sabon, GPT, yana kai 128 a Windows. Kamar ɗaki ne aka raba da zana: ya wadatar wajen shirya kaya, amma ba ya tare gobara.

Abin da ya kayar da ni shi ne haruffan nan na Windows ne ita kaɗai. Manhajar da ke ɗora Ubuntu ba ta san C ko D ba. Abin da ta nuna mini shi ne sda1, sda2, har zuwa sda5, kowanne da girmansa. Akwai ƙaramin ɓangaren EFI da kwamfuta ke tashi da shi, akwai na farfaɗo da Windows, sai manya guda uku masu girma kusan ɗaya. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda na tsakuro daga C, kuma a nan na tafka kuskuren farko: maimakon in bar shi fili marar tsari, wanda ba ya ɓuya a jerin, sai na ba shi tsarin NTFS kamar sauran. Na duba, na yi kirdado, na zaɓi na ƙarshe, na ce a mayar da shi ext4. Gargaɗi ya fito da lambar ɓangaren ƙarara. Ban karanta ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan muni, shi ne kuma nake so mai karatu ya kula da shi. Fomatin ba ya share duk bayanan nan take. Sabon tsari yake rubutawa a wasu wurare, sauran bayanan suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu. Da na kashe kwamfutar a lokacin, da yawancin muryoyin sun dawo. Ni kuwa na bar Ubuntu ta gama zama, na sabunta ta, na sauke manhajoji har dare ya raba, kowanne yana hawa kan aikin yarinyar nan. Sai da safe ta buɗe Windows ta ce, "Yaya, ban ga D ba."

Na tashi kwamfutar daga filashi, na gwada TestDisk, manhajar kyauta ta Christophe Grenier, amma ba ta iya maido da ɓangaren ba. Abokiyar tafiyarta PhotoRec ta tsinto dubban fayiloli zuwa wani faifai na aro, ba suna, ba jaka, sai harafin f da jerin lambobi. Muka zauna muna buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Rubutun kundin ya tsira, don ta taɓa tura wa malaminta ta imel. Muryoyin kuwa wasu sun dawo lafiya, wasu a gutsure, tsohuwa na tsakiyar baiti sai sauti ya yanke. Sa'armu ma faifan mai juyawa ne. A kan SSD, umarnin TRIM kan sa abin da aka goge ya tafi ke nan.

Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma sai da ta sake neman kuɗin mota ta koma ƙauyukan, kuma ba duk wanda ta naɗa da farko ta sake samu ba.

Har yanzu ina raba faifai, kuma ina ganin duk mai son koyon Linux ya yi. Sai dai kafin in taɓa komai, nakan kwashe kayan zuwa faifan waje, in buɗe wasu a can in ga suna aiki, in zare shi daga jikin kwamfutar. Nakan rage C daga cikin Windows kanta in bar gurbin fili. Nakan kashe tsarin tashi da sauri, in adana mabuɗin BitLocker idan akwai. Nakan rubuta girman kowane ɓangare a takarda in gwada da abin da ke kan allo. Idan kuma akwai kayan wani a ciki, sai mai kayan ya ga kwafinsa da idonsa kafin in danna.