Salvador, birnin da ake faɗa cikin rawa

Salvador, babban birnin jihar Bahiya a arewa maso gabashin Barazil, gari ne mai hawa biyu. Rabinsa na kan tudu, rabinsa na ƙasa a bakin teku, kuma tun 1873 aka kafa na'urar hawa da sauka da ke haɗa su. Shi ne hedikwatar Barazil ta farko, daga 1549 zuwa 1763. A bakin titi za ka ga mata cikin fararen kaya da ɗaurin ɗankwali suna soya ƙosai da manja, suna kiransa akaraje. Duk wanda ya san akara ta Yarabawa ba sai an faɗa masa inda sunan ya fito ba.

Tsohuwar unguwar da ke saman tudun sunanta Pelourinho, ma'ana turken da ake ɗaure bawa a yi masa bulala a bainar jama'a. A dandalinta ne yanzu baƙi ke taruwa kallon kafuwera.

Jama'a sukan yi da'ira suna tafi suna amshi. Shugaban kayan kiɗan shi ne berimbau, wata sanda lanƙwasasshiya kamar baka, an ɗaura mata waya, da ɗan duma a gindinta mai ƙara amo. Makaɗin yana dukan wayar da tsinke, yana danna ta da dutse ko kwabo don sauya sauti. Mutum biyu za su tsuguna a gabansa, su gaisa, sannan su wuntsila cikin fili. Daga nan babu tsayawa. Ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, jiki na rangaji, sai ka ga diddige ya zagayo ta saitin kunnen mutum, shi kuwa ya riga ya sunkuya yana neman kwashe ƙafar da abokin karawarsa ya tsaya a kanta. Ɗan dambenmu hannu yake naɗewa. A nan aikin hannu yawanci dafa ƙasa ne, ƙafa da kai su ne makamai.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba kasafai ake taɓa juna ba. Gwani yakan tsayar da ƙafarsa dab da fuskar ɗan'uwansa, kowa ya ga da ya so da ya kai shi ƙasa. Kiɗan ne ke mulki: in ya yi sanyi wasa ya yi sanyi, in ya yi zafi a zafafa.

An kai 'yan Afirka sama da miliyan huɗu bauta Barazil, kuma a cikinsu wasan ya tsiro. Masana sun fi danganta tushensa da Angola. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne bayi sun ɓoye horon faɗa a cikin rawa don kada iyayen gijinsu su gane, ko da yake masana tarihi na jayayya a kan haka. Akwai Hausawa ma a Salvador. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen da bayi Hausawa suka ƙulla, sannan a watan Janairun 1835, cikin azumi, Musulmi 'yan Afirka, galibinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka fito kan titunan birnin da makamai. An samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Amma kada ɗalibi ya rubuta a jarrabawa cewa su suka ƙirƙiro kafuwera. Gari ɗaya dai suka zauna da masu yin ta.

An soke bauta a 1888. Shekara biyu kacal bayan nan, dokar 1890 ta mayar da kafuwera laifi, hukuncinta ɗaurin wata biyu zuwa shida. 'Yan wasa suka koma amfani da laƙabi, kuma akwai wani salon kiɗan berimbau da ke sanar da zuwan 'yan sandan doki.

Mutum biyu suka fito da ita fili. Mestre Bimba ya buɗe makaranta a 1932, ya tsara darussa, har gwamnati ta amince da ita a 1937. Mestre Pastinha kuwa ya riƙe tsohon salon da ake kira Angola, ya kai shi har Dakar a bikin al'adun baƙar fata na 1966. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya da'irar kafuwera cikin gadon al'adun duniya, kuma yau ana koyar da ita a ƙasashe da dama.

Su biyun ba su ci moriyar wannan ba. Bimba ya bar Salvador cikin ɓacin rai, ya rasu a Goiânia a 1974. Shi kuma Pastinha, a farkon shekarun 1970 aka fitar da shi daga makarantarsa ta Pelourinho da sunan za a gyara ginin, ba a mayar masa ba, aka buɗe gidan abinci a wurin. Ya rasu a 1981, makaho, cikin talauci.