Shayin Tailan a Kibiya: Ranar da Ƙanƙara ta Fi Madara Tsada

Saƙon ya iso mini ana saura kwana uku in tafi. 'Yar yayata ce, wadda ke karatu a birni amma ta koma gida Kibiya domin azumi. Ta rubuto cewa: "Kawu, don Allah in za ka taho ka zo mini da ganyen shayi mai ƙarfi, da madarar gwangwani iri biyu, da wani kayan ƙamshi mai siffar tauraro." Wai ta ga wani abin sha a wayarta, shayin mutanen Tailan mai sanyi, ta kuma ci alwashin da shi za a yi buɗa-baki ranar da na iso. Na shiga Kasuwar Kurmi na samo tauraron wajen masu kanumfari da kirfa, na biya Singa na sayi madara. Ƙanƙara ba ta cikin jerin, ni ma kuwa ba ta faɗo mini a rai ba.

Mai zuwa Kibiya daga birni yakan bi titin Zariya, ya karya kwana a Karfi, ya ratsa Bunkure, ya shiga Rano, sannan ya ƙara gaba kaɗan. A bazara hanyar nan fuska biyu gare ta. Da farko kore ne shar, shinkafa da tumatir da albasa suna shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Audu Bako a farkon shekarun 1970. Da ka wuce Rano sai ƙasa ta sauya: duwatsu, gonakin dawa da aka girbe tun kaka, itatuwan tsamiya da ɗorawa, da shanu kwance a inuwa suna tuƙa. Rano dai tsohon gari ne, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, kuma ita da Kano ake wa laƙabi da sarakunan baba saboda rini. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta rini, za mu dawo kanta.

Na isa da hantsi, rana ta riga ta fara cizo. Bayan gaishe-gaishe, yarinyar ta baje kaya a kan tabarma kamar mai shirin haɗa magani, ta shiga yi mana bayani. Su can cha yen suke ce masa, wato shayi mai sanyi. Wannan cha ɗin da shayi namu 'yan gida ɗaya ne: kalmar Sin ce, ta bi ta Farisa da Larabawa ta iso mana, yayin da ti, wanda masu tebur kan faɗa, ya biyo ta hannun Turawa daga wani karin harshen Sin ɗin. Haɗin ba shi da wuya. A tafasa ruwa kofi huɗu, a zuba ganyen baƙin shayi cokali biyar, a jefa tauraro biyu, a sauke, a rufe kamar minti goma har ya yi duhu ya yi bauri, domin ƙanƙara za ta sirka shi daga baya. A tace da ƙyalle mai tsabta. Masu sayar da shi a titunan Bankok ma da matacin yadi mai kama da safa suke yi. Tun da zafinsa a sa sukari kaɗan da madarar nan mai kauri mai zaƙi, cokali biyu ga kowane kofi. Idan ya huce a cika kofi da fasasshiyar ƙanƙara, a zuba shayin, sannan a tsiyaya madarar ruwa a sama a bar ta ta gangara da kanta.

Rigima ta farko a kan launi aka yi. Wanda ta gani a waya ruwan lemo ne tas, namu kuwa ya fito ruwan ƙasa. Na gaya mata gaskiya: launin nan ba na ganye ba ne, kala ce ake zubawa a cikin garin shayin da kamfanoninsu ke sayarwa, irin su ChaTraMue da ke wannan sana'a tun 1945. Ta ce to a samo kalar da masu alawa ke amfani da ita. Inna, wadda tun ɗazu take jan carbi kamar ba ta ji, ta ɗago kai.

"Kishiyata, mu nan ƙasar marina ce, amma tufa muka san ana rinawa. Ban taɓa jin an rina hanji ba."

"Kai Inna, ai kwalliya ce."

"To yi wa mijinki, ba nawa ba."

Da wannan aka binne zancen kala.

Sai bayan azahar aka tuna da ƙanƙara. Firjin gidan ya zama ma'ajin kwanuka, don an yi kwanaki ba a ga wuta ba. Aka aiki yaro wajen wani mai shago da ke da janareta, ya dawo ya ce tasa ta ƙare tun safe, masu zoɓo da kunun aya sun riga sun kama. Aka tura shi wajen mai firizar hasken rana, shi ma ya ce duk abin da ke ciki da mai shi, an biya tun jiya. Ƙarshenta sai da aka ɗora shi a kan acaɓa zuwa Rano. Da na haɗa kuɗin mai da kuɗin ƙanƙarar, sai na tarar sun haura abin da na kashe a kan gwangwani biyu na madara. Duk mutumin Kano ya san yadda ƙanƙara ke tashi da azumin bazara, amma ɗan birni tsadarta kawai yake kuka da ita. A nan samunta ma tafiya ce.

Muna jiran yaron, na tuna da wani abu daga tarihin mutanen da muke kwaikwayo. A zamanin Sarki Mongkut, wanda ya mulki ƙasar daga 1851 zuwa 1868, a jirgin ruwa ake kawo ƙanƙara daga Singafo, a binne cikin garin katako don kada ta narke, kuma sai fada da manyan gari ke ganinta. Sai a farkon ƙarni na 20 wani ɗan kasuwa mai suna Nai Lert ya kafa masana'antar ƙanƙara a Bankok, daga nan sannu a hankali ta sauko hannun talaka. Shayin da yarinyar nan ta gani abin shan ɗan dako ne da ɗan makaranta, ana zuba shi a leda a bakin titi. Ya zama na kowa ne bayan sanyi ya zama na kowa. Mu kuwa ga mu a Kibiya muna jiran tamu a naɗe cikin buhu a bayan babur, kamar yadda fadar Mongkut ta jira jirgin Singafo.

Madarar ma labarinta ɗaya ne. Gail Borden ya yi wa madara mai kauri rajista a Amurka a 1856, kuma amfaninta shi ne ta daɗe ba tare da sanyi ba. Mutanen Tailan sun rungume ta ne domin ba makiyayan shanun tatsa ba ne tun asali. Mu fa? Da safen nan 'yar Fulani ta shigo gidan da ƙwaryar nono a ka, rugarsu ba ta da nisa. Amma madarar da aka tatsa da asuba ba ta kai azahar a wannan zafi sai ta juya, shi ya sa ake barinta ta yi tsami a sayar da ita nono ko kindirmo, mu kuma mu sayi gwangwanin da akasarin garin madararsa daga ƙetare aka shigo da shi. Ganyen shayi muna da shi a Kakara, kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Tumatirin da na wuce a hanya, wanda ba a samu mai saye da wuri ba a bakin titi yake ruɓewa. A ganina, duk wanda ke lissafin abin da karkarar Kano ta rasa, ya rubuta sanyi kusa da taki da hanya, domin shi ke tsare nono da tumatir da allurar rigakafi. Masu firizar hasken rana sun fara toshe ɓarakar, sai dai jarin ya fi ƙarfin mafi yawan masu shago.

Da la'asar ta yi babu yaro babu labarinsa, Inna ta ce a ɗura shayin a gora a nutsa cikin randa. Randar na can lungun rumfa a kan jiƙaƙƙen yashi, gefenta na tsattsafo, iska na busar da danshin tana tafiya da zafin. A kan wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta ciyo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Randa ba ta daskarar da ruwa, amma ta kwantar da shayin nan har ya yi sanyin ruwan rijiya.

Saura kaɗan a kira magariba muka ji ƙarar babur. Buhun na ɗiga, kuma abin da aka saya kamar tubali ya dawo bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Da taɓarya aka farfasa shi a cikin ƙyalle. Mu tara ne a gidan, don haka kowane kofi ya samu 'yan gutsattsari uku ko huɗu. Yarinyar ta tsiyaya madarar ruwa a hankali, farin ya sauka cikin ruwan ƙasar yana murɗawa, ta ɗauki hoto da sauri kafin ya gauraye.

Aka kira salla. Bayan dabino da ruwa, Inna ta karɓi nata ta kurɓa, ta yi shiru tana juya shi a baki.

"Zaƙin ya yi yawa," in ji ta. "Kuma da kin sa citta."

Ta sake kurɓa. Sannan ta sa yatsa ta tsamo gutsuren ƙanƙarar da ya fi girma, ta miƙa wa yaron da ya je Rano, wanda har yanzu ƙura ke kan girarsa.