Sitiyari Mai Wasa a Hanyar Bauchi

Ɗaurin aure ne ya tayar da ni daga Kano zuwa Bauchi a motata 'yar Kwatano, wadda ta haura kilomita 300,000. A cikin gari ba ta da laifi. Sai da na tsallake gadar Wudil, hanya ta buɗe na taka mai, sannan na ji sitiyarin ya zama wani iri. In na murza shi kaɗan, motar ba ta amsawa nan take, sai ta ɗan yi jinkiri sannan ta bi. Tirela ta wuce ni, iskarta ta ture ni gefe, na yi ta gyara hannu dama da hagu kamar mai tuƙa kwalekwale. Ba ƙara, ba girgiza, wannan ne ma ya fi tayar mini da hankali.

Na lallaɓa har Birnin Kudu. Na fara tsayawa wurin mai faci, domin taya mai ƙarancin iska kan sa mota yawo. Ya auna, ya ƙara wa ɗaya daga cikin tayoyin gaba iska, amma da na zagaya wasan yana nan. Shi ya nuna mini rumfar wani dattijo mai gyaran ƙafar mota.

Abin da ya burge ni da dattijon nan, bai ambaci sunan wani kaya ba sai da hannunsa ya taɓa. Ya ce in zauna in riƙa kaɗa sitiyari a hankali, shi kuma ya durƙusa yana kallon taya. "Malam, hannunka na tafiya, taya na tsaye," in ji shi. Yaronsa ya sa jak ya ɗaga gaba. Dattijon ya kama tayar ta sama da ƙasa ya jijjiga, shiru. Ya ce da ta motsa ta nan, da boris ko boljoyin zai zarga. Sai ya kama ta gefe da gefe, nan take muka ji ƙwas-ƙwas.

"Baba, rak ɗin ne?" na tambaya, gabana na faɗuwa saboda na san tsadarsa.

"A'a. Sa hannunka nan."

Ya ɗora yatsuna a kan tayarod, yaron ya jijjiga taya, na ji ƙwallon yana rawa cikin gidansa. Robar da ke rufe shi ta yage, giris ya tsiyaye, ƙura da yashi sun shiga suna cin ƙarfen. Ya leƙa rak ɗin, ba ya yoyon mai, robobinsa lafiya. Sai ya zura ƙarfe ya banƙara hannun da ke riƙe ƙafar, ya nuna mini bushin ya tsattsage. Ya ce a tsohuwar mota wasan sitiyari ba kasafai yake fitowa daga wuri ɗaya ba: nan kaɗan, can kaɗan, su taru su zo hannun direba. Kuma da yake a hankali suke lalacewa, hannu kan saba bai sani ba. Tayarod kuwa in ya zare ana gudu, tayar ta daina jin umarnin sitiyari ke nan.

Ya canza na ɓangarorin biyu, yana ƙirga zagayen zaren tsohon kafin ya ɗaura sabon, don kada saitin ya kauce da yawa. Bushin bai da shi, ya ce in saya a Ƙofar Ruwa in na koma Kano. Ya kuma ja kunnena cewa ƙirga zare ba alaimen ba ne, in na bari haka taya za ta cinye ta gefe guda.

Daga nan zuwa Ningi motar tana bin hannuna, ko a kwana ba na jira ta amsa. Na shiga Bauchi da la'asar, kafin in nemi masauki na tambayi inda ake alaimen na kwamfuta.