Sifirin Ɗin da Ya Kwantar da Babban Inji

Kusan kowace tsohuwar makaranta tana da wani lungu inda ake jibge kayan da aka ce sun mutu. Namu lungun yana bayan ɗakin koyon sana'a, kuma babba cikin mazaunansa shi ne wani injin huda ƙarfe da katako, mai tsayuwa a kan ginshiƙi, wanda tambarin jikinsa ya nuna a Ingila aka ƙera shi. Tsofaffin ɗalibai da yawa za su tuna da shi. Bana aka kawo shawarar a sayar wa 'yan gwangwan da shi a kan nauyinsa. Mu malaman sashen fasaha da ɗaliban ƙungiyar ƙere-ƙere muka roƙi a ba mu zango ɗaya tukuna, domin ba mu da wani injin huda, kuma yaran da za su yi jarrabawa a allo kawai suke ganin hotonsa.

Wanki da kananzir da goge tsatsa ba su ba mu wuya ba. Muka sa sabon bel, muka sake wayoyin wuta, inji ya tashi yana juyi lafiya lau. Amma da aka saki hannun da ake saukar da bakin huda da shi, sai ya zube ƙasa ya zauna. Muka kwance murfin da ke gefen hagu na kan injin, muka tarar babu komai ciki sai busasshen giris. Sifirin ɗin da ke mayar da baki sama ya ɓace. Abin da ya kwantar da injin shekara da shekaru ke nan. Komai ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.

Bari mu bayyana aikinsa saboda ƙannenmu na ƙananan azuzuwa. Sandar da ke juya bakin huda tana cikin wani bututun ƙarfe mai haƙora a bayansa. Hannun injin yana haɗe da wata sanda mai haƙora wadda ke cin waɗancan haƙoran, saboda haka in ka juya hannu bututun ya sauka. A ɗaya ƙarshen sandar hannun ne sifirin yake. Ba irin na biro ba ne. Falle ne na ƙarfe, a naɗe kamar gammo, irin na agogon bango mai wani. Bakinsa na ciki yana shiga wata tsaga a jikin sanda, na waje kuma yana maƙale a murfi. Saukar da baki yana ƙara naɗe shi, sakin hannu kuma ya warware ya ɗaga kayan sama. Ɗaliban kimiyya sun gane ƙa'idar da Robert Hooke ya wallafa a 1678: iyakar yadda ka murɗa sifirin, iyakar ƙarfin da zai mayar maka, muddin ba ka wuce da shi ƙima ba.

Wani zai ce, to, a riƙa ɗaga hannun mana. Haɗarin yana nan. In babu sifirin, baki yana zama cikin ramin da ya huda yana juyi. Da ya kama, sai ya fizge ƙarfen da ake hudawa ya wulwula shi kamar fanka, kuma yatsun yaro ne mafi kusa. Shi ya sa muka cire fis muka ajiye, muka ce babu mai taɓa injin sai ya iya komawa sama da kansa.

Neman sabo daga masu shi ba hanya ba ce a gare mu. Sai muka auna gidan sifirin ɗin, zurfinsa da faɗinsa da tsagar sanda, muka zana a takarda. A nan ma muka koyi wani abu. Sifanunmu na milimita sun ƙi zama daidai a kan notunan injin, domin tiredinsu na tsarin Whitworth ne, wanda Joseph Whitworth ya gabatar a Ingila a 1841. Kusurwar haƙorinsa digiri 55 ce, ta milimita kuwa 60, don haka wanda ya tilasta wa ɗaya shiga ɗaya zai cinye tiredin. Muka zuba kowane noti a gwangwani da lamba, domin in ɗaya ya ɓace samun irinsa wani aiki ne.

Da zanen nan a hannu muka nufi kasuwar Panteka ta Kaduna, inda ƙarfe ba ya mutuwa. Mun gwada iri uku. Na igiyar tayar da ƙaramin janareta ya yi siriri, ko motsa bututun bai yi ba. Na tsohon agogon bango ya ɗan ɗaga, ya gaji a rabin hanya. Wani dattijon maƙeri ya karɓi takardarmu ya duba, ya ce, “Malam, ba kama za ku nema ba, ƙarfi za ku nema. Ku je wurin masu ƙofofin mota.” Ashe a cikin ƙofar tsofaffin motoci masu gilashin wani da hannu akwai naɗaɗɗen sifirin da ke taimakon ɗaga gilashi. Muka zaɓi wanda faɗinsa ya shiga gidan namu.

Sauran aikin na haƙuri ne. Ƙarfen sifirin a taurare yake, in ka lanƙwasa shi a sanyi karyewa zai yi. Maƙerin ya naɗe jikinsa da jiƙaƙƙen tsumma, ya gasa bakin kaɗai har ya yi ja, ya bar shi ya huce a hankali, sa'an nan ya lanƙwasa ƙugiyar da za ta kama murfi. Da ya gasa shi duka, da ya zama falle kawai mara ƙarfi.

Ranar ɗaurawa kowa ya sa tabarau, mai riƙe murfi kuma ya sa safar hannu ta fata, gama naɗaɗɗen sifirin in ya kuɓuce ba ya sallama. Muka tabbatar naɗinsa yana fuskantar inda saukar baki zai ƙara matse shi. Muka tura bututun can sama, muka shafa giris kaɗan, muka murɗa murfi gaɓa ɗaya, muka ɗaure noti, muka gwada. Bai isa ba. Muka ƙara gaɓa. Haka muka yi ta yi har baki ya riƙa komawa sama a natse. In an matse ya yi yawa, zai koma da buguwa ya gajiyar da hannu, sifirin ma ya karye da wuri. In ya yi sako-sako, baki zai riƙa leƙowa ƙasa. Notin murfi shi ma ba a danne shi har ya shaƙe sanda. Na biyu ne ke kulle na farko.

Yanzu ɗalibai suna huda a kansa kowane mako, aikinsu a damƙe cikin bayis. Kuɗin da muka kashe duka bai kai kusa da na sabon inji ba. Abin da muke so yaranmu su riƙe shi ne, kafin a ce abu ya mutu, a buɗe shi a ga abin da ya rasa, a kuma tambayi aikin da abin nan yake yi. Wanda ya san aikin zai sami madadinsa ko a ƙofar mota. Da tsohuwar zuma ake magani.

Mun rubuta awon sifirin da yawan gaɓoɓin da muka murɗa a kati, mun liƙa cikin murfin bel domin masu zuwa bayanmu. Muna kuma roƙon tsofaffin ɗalibai, duk mai tsofaffin sifanun Whitworth da ba ya amfani da su, ya tuna da mu. Akwai injin zarto a lungun nan yana jiran zango mai zuwa.