Busasshen Ruwa a Teburin Bajamushe

Tun da na kai tauraron labarinmu Jamus a babi na goma sha ɗaya, wasu ke tambayata me ya kai ni ambaton giya a littafi. Ni dai ban taɓa sha ba, kuma haramcinta ba abin muhawara ba ne a wurina. Amma yaro ne ɗalibi, uban budurwarsa Bajamushe ya gayyace shi cin abincin dare, to a wannan teburi kwalba ba ta rasa zama. Idan na ɗauke ta na ajiye zoɓo, na yi wa mai karatu ƙarya, kuma jarrabawar da yaron zai fuskanta ta tashi a banza.

Giyar da ke teburin ita ce Riesling, fara ce, kuma jikin kwalbar an rubuta trocken, wato busasshe. Kalmar nan ta daɗe tana ba ni dariya, ta yaya ruwa zai bushe? Ashe nufinsu yis ya cinye kusan dukkan sukarin inabin, abin da ya rage bai wuce giram 9 a lita ba. Mai ɗan zaƙi-zaƙi kuwa halbtrocken suke ce mata, tana kaiwa giram 18.

Inabin tsoho ne a ƙasar. Akwai takardar 1435 daga Rüsselsheim da ta ambaci sayen dashensa. A kwarin kogin Mosel kan gangaren duwatsu ake nomansa, wata gona mai suna Bremmer Calmont tsayuwarta ta kai wajen digiri 65, da hannu ake tsinka. Dutsen wurin yana shan zafin rana ya sake shi da dare, shi ya sa inabi ke nuna a ƙasa mai sanyi haka, amma tsaminsa ba ya barinsa.

To wannan tsamin shi ne sirrin haɗa ta da abinci. Aikin da lemun tsami ke yi wa soyayyen kifi, shi take yi masu: tana yanke maiƙo. Saboda haka uwar gida ta kawo kifin trout da aka soya da man shanu, da dafaffen dankalin Turawa. Tana shiga da kaza, tana shiga da Schnitzel na naman maraƙi. Da a bazara ne, farin Spargel za ta dafa, wanda lokacinsa ke ƙarewa 24 ga Yuni, shi kuwa galibi Silvaner ta yankin Franken suke ba shi. Abinci mai yaji ne busasshiyar ba ta jurewa, sai a koma mai ɗan zaƙi. Abin da ya fi ɗaure mini kai, in ta tsufa tana ƙanshin fetur, su kuma yabawa suke yi!

Na sa uban ya yi wa yaron duk wannan bayani da alfahari, don gonar kakansa ce, kafin ya miƙa masa kofi. Kun ga ƙin karɓa a nan ba ƙaramin abu ba ne, kamar ƙin gidan ne baki ɗaya, ga yarinya tana kallo. Akwai ruwan inabi zalla, Traubensaft, a firjin gidan, uwar ta sayo shi tun da safe ba ta faɗa wa kowa ba. Babi na goma sha biyu yana tafe ranar Juma'a in Allah ya yarda.