Yauƙin Kunun Zaƙi

Akwai wani malamin kimiyya a wata makarantar sakandare a Kafancan wanda da kuɗin kunun zaƙi aka yi masa karatu. Mahaifiyarsa ta soma sana'ar ne a bakin tashar jirgin ƙasa, wadda tun 1927 ta zama mahaɗar hanyar Fatakwal da ta Kaduna da ta Jos, a zamanin da fasinja kan miƙo kuɗi ta taga kafin jirgi ya yi kuka.

Har yau yadda take yi bai sake ba. Takan jiƙa gero ko dawa, ta niƙa da citta da kanumfari da busasshen dankalin Hausa, ta raba ƙullun biyu. Kashi mai yawa ta dama shi da tafasasshen ruwa, in ya sha iska ta zuba masa ɗanyen, ta rufe ya kwana. Da asuba ta tace, ta sa sukari, sa'an nan ta ɗaga ludayi ta duba zubarsa. In ya sauka da santsi, ya yi. In kuwa ya ja zare kamar miyar kuɓewa, ba ta kai shi kasuwa.

Sai da ɗan ya yi nisa a karatu ya gane abin da ludayin ke aunawa. Yawancin kaurin kunu daga garin hatsin da ya dahu ne, amma a cikin daren nan waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, watau bakteriya masu kawo tsami, suna ta aiki. Waɗansunsu, irin su Leuconostoc da Weissella, sukan ɗauki sukari su ƙulla shi sarƙa-sarƙa, su fitar da shi ya zama yauƙi a bayan jikinsu. Ɗaya daga cikin irin wannan yauƙi shi ake kira dekstiran. Louis Pasteur na Faransa ya gane tun 1861 cewa ƙwayoyin halitta ne ke yin sa, masanan Suwidin kuma suka sarrafa shi a shekarun 1940 ya zama ruwan da ake ƙara wa wanda ya zubar da jini. Cikin mutum ba ya narkar da shi duka, saboda haka wani kashi yakan isa babban hanji ya zama abincin ƙwayoyi masu amfani da ke can. An kuma ga alamun irin waɗannan yauƙi suna rage kitsen jini, suna ƙarfafa garkuwar jiki, amma galibi a kwalaben gwaji ne da jikin ɓeraye, ba a jikin mutane ba.

Malamin ya san wannan iyaka sarai. Sai dai a 2023 annoba ta faɗa wa gonakin citta a Kudancin Kaduna, daga Kaciya har ƙasar Jaba, citta ta yi tsada, ribar tsohuwa ta ƙanƙance. Ran nan ya zo mata da shawara.

"Mama, mu buga takarda mu manna a robobin, mu ce yana rage kitsen jini, yana gyara ciki. Sai mu ƙara kuɗi."

Ta ce, "Kai ɗan nan, ka ga dattijon nan na reluwe mai ciwon sukari? Rabin kofi nake ba shi, wanda na ɗiba kafin in sa sukari. Ran da ya karanta magani ne, roba uku zai shanye. Wa zai ɗauki alhakinsa?"

Bai sami amsa ba, domin ya fi ta sanin cewa dekstiran ɗin da yake taƙama da shi daga sukari ake yin sa. Ɗan abin da ƙwayoyin suka samu a dankali da dare shi ke ba da santsin da ake so. Wanda ke ƙaruwa bayan an zuba sukari, roba ta yini a rana, alama ce kunu ya soma juyawa. Har ƙwayoyin da ke cin haƙori da irin wannan yauƙi suke manne wa haƙoran yara. Abin da ya fi kwantar da mashaya kunu kuwa, ruwan da aka ƙara bayan tata ne da tsohuwar robar da ba a wanke ba, kuma babu yauƙin da zai tare wa mutum taifot.

Kuɗin buga takardar sai ya saya mata babbar tukunyar tafasa ruwan tata da sababbin robobi masu murfi. Ta karɓa, ta ƙwanƙwasa gindin tukunyar ta ji ƙararta, ta ce itacen da za ta riƙa ci kuma a kansa yake.